Hawayen Gwaggo Barkono

"A mayar mata da kayanta? Zakka, sake faɗa, kunnena bai ji daidai ba."

Biriskila ta ajiye dorinar da ke hannunta a kan benci. Yaran da take koya wa wasan kwaikwayo a barandar makarantar cocin Sabon Gari suka yi cirko-cirko, kowa baki buɗe. Ta juya ta dube su.

"Ku je gindin dogon yaro ku maimaita waƙar nan. Duk wanda ya leƙo, ba shi ba alewa."

Suka watse da gudu. Zakka ya tsaya yana murza bakin rigarsa, idonsa a ƙasa, sai ka ce ba shi ne akawun da ke tsawata wa 'yan dako a Kantin Kwari ba.

"Inna ce ta ce. Ta ce a je gidan kawunki Baba Nehemiya a karɓo kayan gaisuwar da aka kai. Ta fasa."

"Atamfar dai tana nan, ko ninkinta ban warware ba. Gishiri ma yana nan. Goron fa? Goron da kawuna ya raba wa 'yan coci ranar Lahadi, har Fasto ya sa albarka? Mu bi su gida-gida mu ce kowa ya tofo nasa?"

"Don Allah ki sassauta murya."

"Me na yi wa Mama? Na je gaishe ta, gwiwata a ƙasa. Da bakinta ta ce in tashi, ta ce ɗanta ya iya zaɓe."

Zakka ya rage murya.

"Ta gano ke ce Gwaggo Barkono."

Da rana Biriskila malamar 'yan aji biyu ce, mai sanyin murya, mai ɗaure wa yara mazagi idan ya kwance. Amma duk ranar Alhamis da yamma takan shiga gidan rediyo ta tsaya gaban makirfo, ta maƙale murya, ta zama Gwaggo Barkono, muguwar matar da ke riƙon wata marainiya tana gana mata azaba. A wannan shekara ta 1959, duk gidan da aka ja wa waya aka rataya akwatin rediyo a bango, daga Fagge har Sabon Gari, idan lokacin ya yi ko tuwo ke kan wuta sai ya jira. Akwai mahaucin da ya taɓa ƙin sayar mata da nama da aka nuna masa ita. Ranar dariya ta yi har da riƙe ciki.

Yau kam babu dariya.

"Ta gano?" Ta matso kusa da shi. "Gano abu ai sai an ɓoye shi. Me ka ce mata ina yi tun farko?"

"Na ce ke malamar makaranta ce."

"Shi ke nan?"

"Ai ba ƙarya na yi ba."

"Kai da kake tsayawa a bakin gidan rediyo kana jirana, kana cewa duk Kano babu mai muryata? Ashe a can ina burge ka, a gidanku kuwa abin kunya ce ni!"

"Ba haka ba ne, Biriskila. Ba ki san Inna ba. Duk Alhamis kuka take yi a gaban akwatin nan. Tsine wa Gwaggo Barkono take yi, tana cewa Allah ya haɗa su. Yaya zan buɗi baki in ce mata ga surukarki? Na bari ne sai an ɗaura aure, in lallaɓa ta a hankali."

"To ka ce mata wasa ne mana!"

"Na faɗa. Ta ce magana wasa ce, amma kukan yarinyar nan ba wasa ba ne. An ce mata dukanta kike yi da gaske a ɗakin rediyon, kina mintsininta don kukan ya fito da kyau."

Biriskila ta dafa ginshiƙi.

Ita? Ita da ke bi gida-gida tana roƙon iyaye su ba ta yaransu, tana raka kowa har ƙofar gidansu bayan an tashi? Ita da ta taɓa tsayar da shiri ana tsakiyar yi saboda wani yaro ya ce fitsari yake ji?

"Wa ya faɗa?"

"Ba ta ce ba."

Ta sunkuya ta ɗauki dorinar, ta jawo tsohon matashin fatar da suke gwaji da shi, ta ƙwala kira.

"Uchechi!"

Wata 'yar siririyar yarinya mai wushirya ta taho a guje. Ita ce marainiyar cikin rediyo. Uwarta Nkechi tana sayar da busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari, ubanta yana aiki a tashar jirgi, yarinyar kuwa a Kano aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano.

"Ruga ki ce wa Mamanki zan je Fagge da ke, zan dawo da ke kafin magariba. Idan ta yarda ki zo ki same ni."

Zakka ya tare gabanta.

"Don girman Allah kar ki je yau. Ki bari ta huce."

"Ta huce, ni kuma in kwana da sunan mai dukan 'ya'yan mutane? Ka wuce gaba ka ce mata ina tafe. Ko shi ma ɓoye mata za ka yi?"

Ba su yi nisa a hanyar Fagge ba, ita da Uchechi da ke ɗauke da matashin a ka, sai ga ƙararrawar keke a bayansu. Ernest ne, mai ja wa gidaje wayar rediyo da gyaran akwati, gashin nan ya sha mai, an tsaga shi a gefe. Ya daɗe yana binta tana ce masa an riga shi.

"Gimbiya! Ina zuwa da bulala da rana tsaka? Hau in rage miki hanya."

"Ƙafata lafiya lau."

Ya sauko ya riƙa tura keken a gefenta.

"Maganar Badun fa tana nan. Jiya ma an sake yi mini ita. Rediyo mai hoto, Gimbiya, talbijin! Na gani da idona, mutum yana zaune a ɗakinsa yana kallon fuskar mai magana. Mace suke nema wadda ta iya wasa, ta kuma iya da yara. Ni na samu nawa aikin, ranar Asabar zan hau jirgi. Ke kuwa kin ce a'a, wai za ki auri mai awon yadi."

"Na ce a'a, kuma ban canza ba."

"Ko da uwarsa ta ce a kwaso mata gishirinta?"

Biriskila ta ja birki. Maganar da ko kawunta bai kai ga ji ba tukuna.

"Ernest, yaushe rabonka da gidan Iya Adijat?"

Ya yi 'yar dariya, ya shafa tsagar kansa.

"Akwatinsu ne ke shaƙewa, na je na duba. Tsohuwar Zakka ta tambaye ni ko na san mai yin Gwaggo Barkono, to in yi mata ƙarya?"

"Mintsinin fa? Shi ma tambayarka ta yi?"

"Ni dai cewa na yi kuka irin wannan ba ya fitowa a banza. Sauran ita ta ƙarasa da kanta."

"Kai da kake tsaye a bayan gilashi duk Alhamis kana ganin abin da ake yi! Allah ya isa tsakanina da kai."

"Idan kin fito ina nan a ƙofa," ya ce, ko a jikinsa. "Za ki nemi mai rage miki hanya."

Gidan Iya Adijat babban gida ne na haya a Fagge. Ita mai gidan atamfa take sayarwa a Kantin Kwari, kuma ita ta samo wa Zakka aikin akawu. A ɗaki na ƙarshe Mama Martina, mahaifiyar Zakka, take zaune, tun da mijinta ya rasu ta baro Zariya da ɗanta ƙwaya ɗaya tal, tana saƙa hulunan jarirai tana sayarwa. Akwatin rediyon yana rataye a ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado.

Kafin Biriskila ta gama sallama, tsakar gida ta cika. Mai wanki ta bar wanki, mai daka ta jingine taɓarya.

"Ita ce?" wata ta raɗa. "Kai, ga ta kamar ba za ta iya kashe ƙuda ba."

Mama Martina na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, kwarashin saƙa a hannunta. Zakka na tsaye a bayanta. Biriskila ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina wuni?"

Tsohuwar ta ci gaba da saƙarta.

"Mama, mun same ku lafiya?"

"Da wace muryar kike gaishe ni? Da ta makaranta ko da ta akwati?"

Iya Adijat ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ah-ah, Maman Zakka, ki amsa gaisuwa mana. Yarinya ta durƙusa."

"Iya, ki bar ni. Har bulalar ta zo da ita, ba ki gani ba?" Sai idonta ya sauka kan Uchechi, fuskarta ta canza. "Wannan ce? Zo nan, 'yata. Zo, babu mai taɓa ki a nan."

Ta jawo yarinyar ta ɗaga mata riga, ta duba baya, ta duba cinya, ta duba bayan kunne. Uchechi tana ta ƙyalƙyala dariya saboda cakulkuli.

"Babu tabo," in ji Iya Adijat.

"Mai mugunta ta san inda ba ya nunawa." Mama Martina ta ɗago ido jajir. "Ke, saurara. Ina 'yar ƙarama uwata ta mutu, aka kai ni wurin ƙanwar ubana. A bakin murhu na yi shekaru ina kwana. Ba labari aka ba ni ba, na san kukan marainiya. Akwai inda yake tsinkewa a maƙogwaro, numfashi ya ƙi fita. Wannan ba a koya wa yaro. Duk Alhamis ina jin sa a akwatin can, ina jin kamar ni ake duka. Sannan a ce mai yin wannan ita za ta goya mini jikoki? Ina raye?"

Tausayi ya ɗan tsirga wa Biriskila, amma zafin ƙazafin ya fi ƙarfi.

"Mama, Allah ya ji ƙan mahaifiyarki. Amma ana koya wa yaro, ni na koya mata. Ki ba ni izini in nuna miki, a gaban kowa, tunda a gaban kowa aka ɓata ni."

"Biriskila..." Zakka ya fara.

"Bar ta ta nuna," in ji Iya Adijat, ta jawo tabarma ta zauna. "Mu ma yau mu ga cikin akwati."

Biriskila ta ajiye matashin fatar a tsakiyar gida. Ta tsayar da Uchechi can nesa, kusa da randa, inda ko da gora ba za ta kai gare ta ba. Sannan ta zaro hankici daga ƙugunta, fari mai ɗinkin shuɗin zare a baki. Zakka ne ya yanko mata ƙyallen a kanti, ya kai aka yi masa ado, ranar da ya fara cewa yana sonta.

"A ɗakin rediyo ba a magana sai ta wasa, don haka da wannan muke yi. Idan na ɗaga, ta fara. Idan na sauke, ta tsaya. Ba na ce mata ta tuna wani abin baƙin ciki, ban yarda a yi wa yaro haka ba. Numfashi ne kawai: ta ja shi guntu-guntu, ta riƙe a wuya, ta sake shi ta hanci. Uchechi, wurin tulun da ya fashe."

Yarinyar ta gyara tsayuwa. Biriskila ta lumshe ido, ta buɗe.

"Ke! Don ubanki wa ya fasa mini tulu?"

Matan gida suka zabura. Wani jariri ya tsala ihu a bayan uwarsa. Muryar ce, ita ce sak, mai kaushi kamar ana jan kwano a kan siminti, tana fitowa daga bakin wannan salihar yarinya.

Hankici ya tashi sama. Dorina ta sauka a kan matashi. Tau!

"Wayyo Gwaggo! Na tuba, Gwaggo, santsi ne ya kwashe ni!"

Tau!

"Wayyo Innata, ina kike? Innata, ki zo ki tafi da ni!"

Kukan ya hau, ya hau, sannan ya tsinke a maƙogwaro, numfashi ya ƙi fita. Hawaye shaɓe-shaɓe a fuskar Uchechi.

Mama Martina ba ta san lokacin da ta watsar da saƙarta ba. Ta ruga ta rungume yarinyar, ta kare ta da bayanta, tana kuka da ƙarfi irin wanda babba ba ya yi a gaban mutane.

"Ya isa! Ya isa haka, ki dake ni a madadinta! Ba ta da kowa, ba ta da kowa!"

Biriskila ta sauke hankici.

Kamar an rufe famfo. Uchechi ta leƙo ta ƙarƙashin hannun tsohuwar, ta share hanci, ta washe wushirya.

"Malama, na yi daidai? Alewata biyu yau, don babu makirfo sai da na ɗaga murya."

Gidan ya kwashe da dariya. Mai daka har da faɗuwa kan turmi. Iya Adijat tana tafa hannu tana share ido.

"Subhanallahi! Ashe matashi muke yi wa kuka duk Alhamis! Maman Zakka, matashi kika ce a dake ki a madadinsa!"

Biriskila ta saki ajiyar zuciya. Ta dubi Zakka tana jiran murmushinsa. Ta ɗauka an gama.

Mama Martina ta saki yarinyar a hankali. Ta miƙe, ɗankwalinta a ƙasa, furfurarta a waje, hawaye bai bushe ba, ga maƙwabta suna yi mata dariya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na yarda ba kya dukanta."

"Na gode, Mama."

"Kar ki gode. Da dukanta kike yi, da na san da wa nake zaune. Na buɗe miki cikina, na gaya miki abin da ko yaron nan ban taɓa gaya wa ba. Kika ɗauka kika yi wasa da shi a tsakar gida, kika mai da ni abin dariya."

"Mama, ba nufina ke nan ba! Sunana nake wankewa!"

"Da hawayena kika wanke shi. Macen da ke ɗaga ƙyalle a yi kuka, ta sauke a yi dariya! Gobe idan kin shiga ɗakin yaron nan kika yi masa kuka kika ce uwarsa ta zage ki, ta yaya zai san na gaske ne? Idan jikana ya zo mini da hawaye, in rarrashe shi ko in duba hannunki?"

Dariyar gidan ta mutu.

"Maman Zakka, wannan kuma son zuciya ne," in ji Iya Adijat. "Sana'a ce fa. Ni ma idan mai saye ya zo ina rantse masa atamfa ba ta zuba."

"Sana'ar ce ba na so a zuri'ata. Ga sharaɗina, kowa ya shaida. Ta bar gidan rediyo. Ta sallami 'ya'yan mutane, ta daina koya musu ƙarya. Idan ta yi, kaya su zauna inda suke. Idan ba ta yi ba, a kawo mini abina."

"Ƙarya?" Biriskila ta miƙe tsaye, ta manta da durƙuso. "Mama, kin san mata nawa suka tare ni a coci suka ce tun da suka fara jin shirin nan hannunsu ya daina saurin kai wa 'yan riƙonsu duka? Saboda irin abin da aka yi miki nake yin Gwaggo Barkono, don a ji muninsa a tsane shi! Yarinyar nan da kike gani, da aka kawo ta ko sunanta ba ta iya faɗa a gaban mutane. Yau duk Kano ana saurarenta. Wannan ne ƙarya?"

Ta juya ga Zakka.

"Ka yi magana mana! An kira ni Badun, inda za a ga fuskata ba murya kaɗai ba, na ce a'a saboda kai. Ban taɓa yi maka gori ba. Yanzu ɗan abin da ya rage mini shi ma a ƙwace, kana tsaye kamar an dasa ka?"

"Ki yi haƙuri, ki amsa mata yanzu, daga baya..."

"Daga baya! Komai naka daga baya, a ɓoye, a lallaɓa!"

Sai abin ya ci ƙarfinta. Tun daga barandar makaranta take danne shi, yanzu ya ɓalle. Ta dafe ƙirji, kafaɗunta suna rawa, hawaye masu zafi suna sauka har kan rigarta.

"Ina sonka, Zakka. Allah ya sani ban taɓa son wani ba. Amma kar ka sa in zaɓa tsakaninka da yaran nan, don Allah kar ka sa ni..."

Zakka ya tako zai zo wurinta. Ya yi taku ɗaya ya tsaya.

Idonsa ya sauka daga fuskarta zuwa hannunta, inda hankicin yake a dunƙule, a ɗage daidai ƙirjinta.

Ta gani. Kowa ya gani.

"Biriskila," ya ce a hankali, kamar mai jin tsoron bakinsa, "wannan... na gaske ne?"

Wayyo! Da ma dorinar nan ya ɗauka ya zuba mata.

Kukan ya tsaya mata cak, ba don ta so ba. Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Ka gani ko?" in ji Mama Martina. "Ta tsayar."

"Kai, Zakka, Allah wadanka," in ji Iya Adijat.

"Ba haka nake nufi ba! Bakina ne ya kuɓuce, Biriskila, ki tsaya ki ji..."

Ta warware hankicin, ta ninke shi da kyau, ta kama hannunsa ta saka masa a tafi.

"Riƙe. Daga yau duk wanda ka gani a idona, ka duba hannunka, ka san ba ni na ɗaga ba."

Ta durƙusa wa Mama Martina, gajeren durƙuso.

"Mama, gobe kawuna zai aiko da atamfa da gishiri. Goro an ci, sai dai ku yafe. Abin da ya same ki kina ƙarama, ban yi niyyar taɓa miki shi ba, ki gafarce ni."

Ta ɗauki dorinarta. "Uchechi, ɗauko matashi mu tafi."

Uchechi ba ta motsa ba. Tana kallon hankicin a hannun Zakka, tana kallon fuskar malamarta.

"Malama, Badun za ki tafi? Ki bar mu?"

"Ɗauko matashi, na ce."

Sai yarinyar ta fashe.

Wannan bai yi kama da na akwati ba ko kaɗan. Babu daɗin ji, babu hawa da sauka, babu "wayyo Innata". Wani irin gurnani ne mara fasali, da majina, da shaƙuwa, ta ƙanƙame zanin Biriskila tana dukan cinyarta da ɗan hannunta.

Duk matan gidan suka kai ido hannun Biriskila. Babu komai a ciki sai dorina, ita ma a rataye.

Mama Martina ta yi tsaye, bakinta a ɗan buɗe. Ta daɗe tana saurare.

"Wannan daban ne," ta ce, can ƙasa-ƙasa. Ta dubi yarinyar da ke manne da matar da aka ce tana mintsininta. Ta dubi ɗanta. "Kai... wannan daban ne."

"Kin ji, Biriskila?" Zakka ya ce da sauri. "Inna ta gane! Ki tsaya a yi magana!"

Biriskila ta saɓa Uchechi a kafaɗa duk da girmanta. A bakin zaure ta waiwayo.

"Mama ba ta san ni ba, Zakka. Muryata kawai ta sani, da abin da munafuki ya gaya mata. Ko cewa ta yi a kore ni daga Kano, zan iya dawowa gobe in durƙusa mata. Kai fa? Kai da ka san ni?"

Ba ta jira amsa ba.

A ƙofar gida Ernest na jingine da kekensa. Ya ga idonta, ya ga hannunta babu hankici, ya danna ƙararrawa yana murmushi.

"Na gaya miki. Jirgin Asabar, Gimbiya. In kama mana wuri?"

"Idan na ga dama zan je Badun, kuma da ƙafata zan shiga jirgi. Ranar da na isa, abin da zan fara gaya musu shi ne irin mutumin da suka ɗauka aiki. Kawar mini da kekenka."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya janye keken.

Ta miƙi hanyar Sabon Gari, rana ta yi ja, masu kanti suna ta rufe ƙofofi. A bayanta ta ji ana kiran sunanta, ta ji takun mutum yana gudu ba takalmi, ta ji muryar Iya Adijat tana cewa ya yi sauri mana, sakarai. Ba ta waiwaya ba, ba ta kuma ƙara sauri ba. Hawayenta suka dawo, ta bar su suna zuba, duk mai kallo ya kalla.

Uchechi ta ɗago daga kafaɗarta tana shessheƙa.

"Malama... in yi shiru?"

Biriskila ta ƙara rungume ta.

"A'a, yi abinki. Wannan ba ni na koya miki ba."